Yadda Ake Haɗa Malamin Katun Mai Koyarwa ta Intanet: Jagora Daga Ɗakin Lesin a Jos

Lissafi nake koyarwa a wani ɗakin lesin da ke kusa da titin Bauchi a nan Jos, kuma hunturu ne ya tura ni wannan aiki. Duk wanda ya san garin nan ya san sanyin Disamba da Janairu. Da an yi la'asar yara sun fara ƙosawa, iyaye kuma ba sa son 'ya'yansu, musamman mata, su kai magariba a hanya. Darasin awa 2 sai a tsinke shi a minti 50. Na koma tura musu bidiyo ta WhatsApp, suna kuma kallo, amma in yaro ya yi kuskure da daddare a ɗakinsu babu mai ce masa, "Tsaya, duba nan." Wannan giɓin ne malamin katun yake iya cikewa in an haɗa shi da kyau.

Abin da nake kira malamin katun shi ne zanen mutum ko dabba mai motsi a fuskar waya ko kwamfuta, wanda yake magana, yake nuni da hannu, yake yi wa ɗalibi tambaya, sannan ya mayar da martani gwargwadon amsar da aka ba shi. Wannan na ƙarshen shi ne ƙashin bayansa. Katun da zai karanto darasi daga farko har ƙarshe bai saurari kowa ba, bidiyo ne aka yi masa kwalliya.

Abin ba yau ya fara ba, kuma sanin inda ya fito zai hana ka zubar da kuɗi. A ƙarshen shekarun 1990, Lewis Johnson da Jeff Rickel na Jami'ar Kudancin Kalifoniya a Amurka sun ƙera wani mai suna Steve, yana nuna wa masu koyon aikin jirgin ruwan soja yadda ake sarrafa injuna: ya yi a gabansu, ya nuna musu da yatsa, ya tsaya su gwada. A wancan zamanin ne kuma James Lester da abokan aikinsa a Jami'ar Jihar Karolina ta Arewa suka fito da Herman, wani ɗan ƙwaro mai surutu da ke taya yara haɗa tsiro, su zaɓi saiwa da kara da ganyen da suka dace da yanayin da aka ba su. A 1997 suka ba da rahoton cewa zaman ɗan ƙwaron a fuskar kwamfuta kaɗai yana ƙara wa yara jin daɗin darasi. A Jami'ar Memfis, Arthur Graesser ya jagoranci haɗa AutoTutor, wanda gwanintarsa hira ce: yana jan ɗalibi da tambaya har amsa ta fito daga bakinsa. Manya kuma za su tuna Clippy na Office 97, ƙarfen maƙale takarda mai idanu da ke faɗo wa mutum tsakiyar aiki, shiga sharo ba shanu. Ya ƙosar da jama'a, kuma a Office 2007 an cire shi gaba ɗaya.

Bincike biyu nake so ka riƙe. A 2013 Noah Schroeder da Olusola Adesope da Rachel Gilbert sun tattara gwaje-gwaje 43 da aka yi kan irin waɗannan malamai na zane, suka ga akwai amfani, amma ɗan kaɗan ne. A 2011 kuwa Kurt VanLehn ya nuna cewa manhajojin da ke bin ɗalibi mataki-mataki, suna duba kowane layi na aikinsa, sun kusa kamo malami ɗan Adam da ke zaune da ɗalibi ɗaya. Ka haɗa biyun sai ka ga inda nauyin yake. Fuska tana ƙara gishiri, amma bibiyar kuskuren yaro ita ce miyar. Shi ya sa a jagorar nan zane zai zo can baya, duk da na san shi ne abin da kowa ke ɗokin farawa da shi.

Mataki na 1: Buɗe littafin kurakurai

Zaɓi darasi guda, ƙarami. Kada ka ce "lissafin aji ɗaya na sakandare". Ka ce "tara ɓangarori masu lambar ƙasa daban-daban", ko a ilimin halittu ka ce "bambancin jijiyar da ke kai jini da wadda ke dawo da shi". Darasin da ka riga ka san yana kayar da yara kowace shekara shi za ka ɗauka.

Sai ka tattara littattafan aikin yara, 30 ko 40, ka zauna da su. Maki ba shi ne abin nema ba. Amsoshin da ba daidai ba za ka kwafe, ka jera masu kama da juna wuri guda. Daga nan ka kira yaro ɗaya daga kowane rukuni, ka tambaye shi cikin sakin fuska, "Ya aka yi ka samu wannan?" Ka rubuta abin da ya faɗa da kalmominsa.

Ga abin da na samu da na ba su 1/2 + 1/3. Mafi yawa sun rubuta 2/5: sun tara na sama da na sama, na ƙasa da na ƙasa. Wasu sun rubuta 2/6: sun tuna ana neman 6 a ƙasa, amma suka bar lambobin sama yadda suke. Kaɗan sun rubuta 1/6, wato sun ninka maimakon su tara. Akwai kuma waɗanda suka bar wurin fari fat, kuma su ma rukuni ne, don shiru yana buƙatar nasa martanin. Yara huɗu ke nan da duk za a ja wa jan biro iri ɗaya, alhali ciwon kowa daban. Malamin katun da zai ce wa dukansu "Ba daidai ba, sake gwadawa" bai yi musu komai ba.

Kada ka yi gaggawa a nan. Mako guda cur na yi kan wannan mataki, kuma duk abin da ya biyo baya a kansa ya tsaya.

Mataki na 2: Rubuta hirar a takarda

Kafin ka taɓa kwamfuta, ɗauki takarda babba ka zana hirar kamar reshen bishiya: tambaya a sama, kowace amsa da reshenta. Dabarar da AutoTutor ke bi ta dace da mu, tsani ne mai hawa huɗu. Da farko buɗaɗɗiyar tambaya, irin "Me kuma ka lura da shi?" In bai fito ba, hannunka mai sanda. In bai fito ba, jimla mai gurbi ɗaya da zai cike. Sai a hawa na huɗu ne malamin zai faɗi amsar da bakinsa, kuma nan take ya kawo wata tambaya mai kama da ita don a ga ko ta zauna.

Ga yadda nawa ya kasance. Malamin ya ce: "Mama ta ba ka naira 6,000 ka je kasuwar Farin Gada. Rabin kuɗin na tumatir ne, sulusi na kabeji. Kashi nawa na kuɗin ka kashe?"

In yaro ya zaɓi 2/5, malamin ba ya cewa ya faɗi. Sai ya ce: "To, mu gwada amsar taka da kuɗin. Rabin 6,000 nawa ne?" Yaro ya danna 3,000. "Madalla. 2/5 na 6,000 kuwa 2,400 ne. Tumatir kaɗai ya ci 3,000. Ya za a yi tumatir da kabeji gaba ɗaya su ci 2,400?" A nan sai ya yi shiru. Shirun nan na rubuta shi cikin hirar da gangan, daƙiƙa 5, don a lokacin ne yaro yake gane da kansa cewa amsarsa ba za ta yiwu ba. Sannan a ci gaba: sulusi 2,000, jimla 5,000, in an raba 6,000 gida 6 kowane gida 1,000 ne, 5,000 gida nawa ke nan? Sai 5/6 ta fito daga hannunsa.

Mai 2/6 hanyarsa daban: "2/6 na kuɗin 2,000 ne, kuɗin kabeji ke nan. Ina na tumatir ya shiga?" Mai 1/6 kuwa na fi son nasa reshen: "1,000 ka samu. Wannan ai canjin da za ka mayar wa Mama ne. Nawa ka bari a kasuwa?" Wanda bai danna komai ba har rabin minti, ba a tsawata masa, sai a rage masa kaya: "Bar maganar kabeji tukuna. Tumatir nawa ya ci?"

Ka lura da farashin da kake sakawa a misali. Yaran da ake aika kasuwa sun san kuɗin kaya, in ka saka abin da ba ya yiwuwa hankalinsu zai koma kan wannan.

Jimloli su zama gajeru, irin na baka. Ka karanta su da ƙarfi. Duk wadda ba za ka iya faɗa wa ƙaninka a tsakar gida ba, sake ta. Batun harshe kuma, tunda jarrabawar WAEC da NECO da JAMB da Turanci ake yi, ni na sa malamin ya yi bayani da Hausa, amma duk kalmar da za ta fito a takardar jarrabawa ya faɗe ta da Turanci sau ɗaya kuma a rubuta ta a allo. Ta haka yaro ya gane abu da harshen da yake tunani da shi, ya kuma san sunansa ranar jarrabawa.

Mataki na 3: Wane ne shi a wurin yaro?

A 2005 Amy Baylor da Yanghee Kim sun gwada malaman zane iri uku: ƙwararre mai zuba bayani, mai ƙarfafa gwiwa, da wanda ya haɗa biyun. Na ukun ne ya inganta koyo da kuma himma tare. A wurinmu akwai ƙarin dalili. Yaron da aka yi wa tarbiyya ba ya iya kallon Malam ya ce "Ban gane ba" sau uku a jere. Kunya da girmamawa ba za su bar shi ba, sai ya gyaɗa kai a wuce. Amma yayansa da ya riga shi gama sakandare yana iya tambayarsa sau goma. Don haka nawa ban kira shi Malam ba. Yaya ne, matashi, ya san karatun amma ba ya ɗaga murya.

Akwai matsalar da masu haɗa irin wannan da Turanci ba su san da ita ba: kai da ke. In Yaya ya ce wa yarinya "Ka yi daidai", ta san ba da ita ake ba. Hanya biyu ce. Ko dai a farkon darasi a tambayi ɗalibi namiji ne ko mace, a naɗi kowace jimla sau biyu. Ko kuma a karkata hirar zuwa "mu": mu gwada, mu duba, mun samu. Ni na haɗa su. Bayani duk da "mu" ne, yabo da tambaya kai tsaye kuma na naɗa iri biyu. Aikin ya ƙaru, amma ba abin da za a yi sakaci da shi ba ne.

Sai shiga da kama. A Jos Hausa harshen kowa ce. A ajina akwai 'yan Gangare da Rikkos da Anguwan Rogo, akwai kuma 'ya'yan Berom da Afizere da Ngas, Musulmi da Kirista a benci guda. Na ba Yaya riga mara ado da wando, shigar da kowane yaro zai iya ganin ɗan gidansu a ciki, misalan kuma na ɗauko su daga kasuwa da keke da gonar dankali, abin da ya haɗa kowa. Ka kuma sani cewa akwai iyayen da ba sa sakewa da zanen mai rai saboda addini. Kada ka yi musu gardama. Ka tanadi zaɓi na biyu, inda hannu mai riƙe da alli da murya kaɗai za su fito. Tunda ainihin aikin yana cikin hirar, yaronsu bai yi asarar abin kirki ba.

Mataki na 4: Murya

In kuɗinka na abu ɗaya ne, sa shi a murya. Richard Mayer, wanda ya daɗe yana bincike kan koyo da hoto da sauti, ya nuna cewa mutane sun fi koyo da muryar mutum mai sakin jiki a kan muryar na'ura. Na'urorin Turanci sun inganta tun lokacin, amma Hausa tana da nata tarkon: rubutun boko ba ya nuna karin sauti, ba ya nuna tsawon wasali. Mu da muka tashi cikin harshen daga ma'ana muke gane wanne ake nufi. Na'ura kuwa tana iya zamewa. Ka ɗauki "tara": lamba ce, aikin haɗa lambobi ne, kuma kuɗin da ake ci mai laifi ne. A darasin lissafi za ka iya cewa a tara tara da uku. Ko "kashi", da ke cikin kowace jimla ta darasin ɓangarori: in an ja wasalin farko, kalmar ta koma abin da ba a faɗa a aji, kuma daga nan ka rasa yaran har a tashi.

Saboda haka nemi mutum. Garin nan ba ya rasa su: a Jos Cibiyar Koyon Fim ta Ƙasa take, a nan kuma Kwalejin Talabijin ta NTA take, ɗalibansu suna neman aikin da za su nuna. Ba mai karanta labarai kake nema ba. Mai iya magana da yaro kake nema, wanda "Madalla" ɗinsa take fitowa daga zuci. Ku yi yarjejeniya a rubuce kan inda za a yi amfani da muryar, kuma cewa ba za a ba na'ura ta kwaikwaye ta ba sai da izininsa.

Wayar hannu mai kyau ta isa naɗi. Ku shiga ɗaki mai katifa da labule da kaya, don ɗaki fanko yana amsa kuwwa. Wayar ta yi nisan taƙi ɗaya daga baki, a ɗan karkace. Ku zaɓi lokacin da unguwa ta lafa, ba janareta, ba ƙarar keke. Da hunturu a ajiye ruwan ɗumi kusa, bushewar leɓe tana fita a naɗi. Kowace jimla fayil ɗinta daban, da lambar da ta yi daidai da reshenta a takarda, misali 2a-namiji da 2a-mace. In ba haka ba, ranar haɗawa za ka yi ta lalube cikin fayil 100 marasa suna. Audacity kyauta ce, da ita za ka yanke gefe, ka rage ƙarar bayan fage, ka daidaita ƙarfin sauti.

Mataki na 5: Fuska da motsi

Yanzu ne za a yi zane, kuma shawarata a sauƙaƙa. Tun 1970 Masahiro Mori, masanin butum-butumi ɗan Japan, ya lura cewa abin da ya kusa kama da mutum sosai amma bai kai ba, tsoro yake ba mutane. Zanen katun bayyananne ba ya faɗa wa wannan ramin, ba ya kuma cin data.

Tsayuwa 6 sun ishe ka: yana sauraro, yana magana, yana nuni, yana tunani, yana murna, yana ƙarfafa gwiwa. Cikinsu nuni ya fi kowanne daraja. Binciken Mayer ya nuna cewa ɗora hoton mai magana kawai ba lalle ya ƙara koyo ba, amma motsin hannu da kallo irin na mutum suna ƙarawa. Idan Yaya ya ce "lambar ƙasa", yatsansa ya sauka a kanta a daidai wannan daƙiƙar, idonsa ma ya koma can. Da hannun dama zai yi nuni kuma da shi zai miƙa abu. Yara suna lura da wannan, iyaye sun fi su. Lokacin da yaro ke karatu ko lissafi, Yaya ya tsaya cik, ƙiftawar ido kawai. Wurinsa kusurwa ce, allo shi ne mai fili. Ka sa maɓalli biyu da ba sa ɓacewa: "Sake faɗa" da "Yi shiru". Darasin Clippy ke nan.

Kayan aiki gwargwadon aljihu. Blender kyauta ce kuma tana zanen katun, sai dai tana son kwamfuta mai ƙarfi da haƙurin koyo. Rhubarb Lip Sync ma kyauta ce: ka ba ta fayil ɗin murya, ta fitar maka da lokacin da baki zai ɗauki kowace siffa, siffofi 6 ne na tushe, kuma tana da zaɓin da ke bin sauti zalla, wanda shi za ka kunna don Hausa. Ka duba da idonka cewa leɓe yana rufewa a b da ɓ da m, don nan ne ido ke saurin kama kuskure. Adobe Character Animator tana bin fuskarka ta kyamara, zanen ya kwaikwayi motsinka, amma cikakkiyarta ta biyan wata-wata ce. Synthesia da HeyGen suna fitar da mai magana daga rubutu, da dala ake biya. Kafin ka biya ka gwada su da jimlar "tara tara da uku".

Mataki na 6: Haɗa rassan, ka auna da wayar talaka

H5P kyauta ce, kuma a cikinta akwai nau'in darasi mai rassa: gajeren bidiyo, tambaya, sai kowace amsa ta kai ɗalibi bidiyonta. Takardar da ka zana a mataki na 2 ita za ka kwafa kai tsaye. Lumi tana ba ka damar haɗa H5P a kwamfutarka ba tare da intanet ba. In makarantarku tana da Moodle, dandalin darussa na intanet, ɗora shi can, zai riƙe maka wanda ya yi da abin da ya zaɓa. In data ce matsala, Kolibri an yi ta ne don wuraren da ba intanet: kwamfuta ɗaya a ɗakin lesin ta zama rumbu, wayoyi su ja daga gare ta.

Yi lissafin data kafin iyaye su yi maka. Bidiyon da aka matse zuwa kilobit 500 a daƙiƙa yana cin kusan megabait 3.75 a minti. Murya zalla a kilobit 64 ba ta kai rabin megabait ba. HandBrake, ita ma kyauta, za ta matse maka, kuma zane mara tarkace yana matsuwa ba tare da ya dushe ba. Tsawo kuma, binciken da Philip Guo da abokansa suka yi a 2014 kan bidiyoyin dandalin edX ya nuna cewa kallo yana raguwa sosai bayan minti 6. Nawa guntayen ba sa wuce minti ɗaya da rabi kafin tambaya ta zo.

Gwada a ƙaramar waya mai tsagaggen gilashi, irin wadda yara ke ara wurin uwa ko yaya. Duba ko ɓ da ɗ da ƙ suna fitowa ko sun zama akwati. In sun zama, sauya salon rubutun.

Mataki na 7: Yaya a matsayin mai bibiya

Koyarwa ɗaya ce, sa yaro ya dawo gobe wata ce. Mujiyar katun ta Duolingo, manhajar koyon harsuna, da wannan ta yi suna, tunatarwa ba ƙaƙƙautawa. Mu sai mu yi da hankali, don wayar galibi ba ta yaron ba ce, kuma yammacinsa a cike yake: Islamiyya, shago, ɗiban ruwa, koyon waƙa a coci. Bar shi ya zaɓi lokacinsa da kansa, saƙo ɗaya a rana, kuma saƙon ya ɗauko abu takamaimai: "Jiya kin warware na Farin Gada. Yau tambaya 3 ne kawai." Tsara maimaici da tazara: washegari, bayan kwana 3, bayan mako. Abin da aka waiwaya a rarrabe ya fi zama a kan abin da aka haɗiye dare ɗaya.

Ka kula da irin yabon. A 1998 Claudia Mueller da Carol Dweck sun nuna cewa yaran da aka yaba wa ƙwaƙwalwa sun fi saurin karaya in abu ya yi wuya, a kan waɗanda aka yaba wa ƙoƙari. Don haka Yaya ba ya cewa "Kai gwani ne". Cewa yake, "Ka koma ka gwada da kuɗin, shi ya fitar da kai."

Kuma ya san iyakarsa. Yaron da ya faɗa reshe ɗaya sau uku, ko ya ɓace mako guda, ba saƙo na huɗu yake buƙata ba. Sunansa ya zo gare ka, kai ka kira gida ka gaisa, ka tambayi lafiya. Sau da yawa ba lissafi ne matsalar ba.

Mataki na 8: A jona shi da ƙirƙirarriyar basira?

Za a tambaye ka wannan. Tun fitowar ChatGPT a Nuwamban 2022 abin ya sauya. A 2023 Khan Academy ta fito da Khanmigo, Duolingo ma ta fito da Duolingo Max, duk masu hira da ɗalibi kai tsaye. Amfanin a fili yake: yaro ya rubuta tambayar da ba ka tanada ba, ya samu amsa. Haɗarin shi ne na'urar tana iya faɗin kuskure da cikakkiyar gadara, Hausarta kuma ba ta kai Turancinta ba, yaro ɗan shekara 13 kuwa ba shi da ma'aunin ganewa.

Ra'ayina: kammala na rassa tukuna, wanda ka san kowace kalma da ke cikinsa. In za ka ƙara hira, ka tsare ta cikin darasin, ka umarce ta da kada ta ba da amsa kafin tsanin nan mai hawa huɗu ya ƙare, ka kuma riƙa karanta hirarrakin kowane mako. A 2016 Ashok Goel na Georgia Tech ya saka wata mataimakiya ta na'ura, Jill Watson, tana amsa tambayoyin ɗalibai a zauren darasinsa, kuma an tsara ta ne ta amsa abin da ta tabbatar kawai, sauran ta bar wa mutane. Wannan tsarin ya dace a kwaikwaya. Abin da ban yarda a kwaikwaya ba shi ne ɓoye wa ɗalibai ko ita wace ce, kamar yadda aka yi a farkon gwajin. Yaya yana faɗa tun ranar farko: "Ni zane ne, Malam ne ya haɗa ni."

Dokar Kare Bayanan Sirri ta Najeriya ta 2023 ta wajabta neman izinin iyaye kafin a sarrafa bayanan yaro. Rubuta takarda gajeriya da Hausa da Turanci, iyaye su sa hannu. Kada ka karɓi abin da ba ka buƙata: suna na farko ko lamba ya isa, ba hoto, ba adireshi.

Mataki na 9: Zauna a bayan yaro ka yi shiru

Ɗauki yara 5, kowa shi kaɗai. Miƙa masa waya, ka koma bayansa da biro, kada ka taimaka ko da ya waiwayo. Rubuta inda ya tsaya, inda ya danna "Sake faɗa", inda idonsa ya bar allo ya koma kan fuskar Yaya alhali ba nan ake so ya duba ba. Bayan ka gyara, yi gwaji mafi girma: tambaya 10 kafin darasi, wasu 10 masu kama da su bayan mako guda, rabin aji da Yaya mai fuska, rabi da hannu da murya kaɗai. Aji ɗaya ba zai ba ka hukuncin da za ka kai gaban masana ba, amma zai nuna maka ko ya kamata ka ci gaba da kashe kuɗi a zane ko ka mayar da shi wajen ƙara rassa.

A zaman farko da na yi, wata yarinya ta kalli zaɓuɓɓukan guda huɗu ta ƙi danna ko ɗaya. Da aka gama na ce, "Me ya tsayar da ke?" Ta ce, "Malam, amsar ba ta ciki. 5,000 ne." Lissafinta daidai ne tsaf, abin da ba ta haɗa ba shi ne 5,000 cikin 6,000 ita ce 5/6. Littattafai 40 ba su nuna mini wannan ba, don a can ba kuɗi a tambayar. Da daddare na buɗe takardar na ƙara reshe na biyar, washegari muka naɗi jimlolinsa biyu, na namiji da na mace: "Kuɗin daidai ne. Yanzu mu raba 6,000 gida 6, mu ga gida nawa 5,000 ta cika."